Inda Netwok Ke Mutuwa: Yadda Zare da Balan-balan Ke Ceton Masu Nutso a Teku

Duk wanda ya sayi sabuwar waya a 'yan shekarun nan ya ci karo da lambar nan ta IP68 a jikin kwali. Kamfanin Apple ya ce yawancin wayoyinsa tun daga iPhone 12 za su iya yin minti 30 a zurfin mita 6 ba tare da ruwa ya shige su ba, manyan wayoyin Samsung Galaxy S kuwa mita ɗaya da rabi na tsawon minti 30. Wannan ya sa wasu ke ɗauka cewa waya za ta yi aiki a ƙarƙashin ruwa kamar yadda take yi a tudu. To ko da wayar ta tsira daga ruwan, sabis ɗinta ba ya tsira. Da ta nutse, kira ya yanke, data ta ɗauke, GPS ya makance.

Ga mai wanka a kududdufin otel wannan ba komai ba ne. Ga wanda ya goya tukunyar iska ya nutsa mita 20 ko 30 a tsakiyar teku kuwa, magana ce ta rai. Yana buƙatar ya sanar da jirgin da ya kawo shi inda yake, kuma yana buƙatar sauran jiragen da ke wucewa su san akwai mutum a ƙasa kafin ya fito da kansa. A yau za mu duba na'urar da masu nutso a duk duniya suka dogara da ita wajen aika wannan saƙo. Ba ta da batir, ba ta da allo, ba ta neman sabuntawa. Dogon balan-balan ne mai launin ruwan lemo, da zare, da kwarkwaron da ake naɗe zaren. Sai dai wanda bai iya sarrafa ta ba, ita ɗin ce za ta iya kai shi asibiti.

Me ya sa sigina ba ta shiga ruwa?

Wayarka na magana da turken sabis ne ta hanyar siginar rediyo. Haka Wi-Fi da Bluetooth, waɗanda ke aiki a kan mita 2.4 gigahaz, haka kuma GPS da ke sauko mana daga taurarin ɗan'adam a kan kusan megahaz 1,575. Ruwan teku na da gishiri, gishirin nan kuma ya sa ruwan ke ɗaukar lantarki. Duk siginar da ta shiga cikinsa sai ya shanye ƙarfinta, kuma iya girman mitar sigina iya saurin mutuwarta. Irin wadda waya ke amfani da ita ba ta wuce 'yan santimitoci a cikin ruwan gishiri.

Hatta jiragen yaƙi na ƙarƙashin teku, da duk kuɗin da ake zuba musu, suna fama da wannan matsala. Ana aika musu saƙo ne da sigina mai ƙarancin mita ƙwarai, daga tashoshi masu eriyoyin da suka mamaye filaye masu faɗi, kuma duk da haka sai jirgin ya matso kusa da saman ruwa kafin ya karɓa. Abin da ke tafiya da kyau a ruwa shi ne sauti, wanda ke gudun kusan mita 1,500 a daƙiƙa, fiye da ninki huɗu na gudunsa a iska. Za mu dawo kan wannan a gaba. Abin riƙewa a nan shi ne, mai nutso da zarar ya nutse ya yanke daga duniya, sai dai in ya aika wani abu na zahiri zuwa sama.

Haɗari biyu da ke jiran mai fitowa

Yawancin wuraren nutso da suka yi suna, irin su tsibirin Cozumel a Meziko, tsibiran Maldibs, da Bahar Maliya a gaɓar Masar, wurare ne masu gudun ruwa. A can ba a yin kokawa da ruwan. Jirgi ya sauke mutane a wuri ɗaya, ruwa ya tafi da su suna kallon kifaye da murjani, sannan jirgin ya je ya kwashe su a inda suka ɓullo. Tambayar ita ce, a ina za su ɓullo?

Mu yi ɗan lissafi. Ruwan da ke gudun kilomita 1.85 a awa, wanda ma'aikatan jirgi ke ɗauka a matsayin ma'auni ɗaya na gudu, yana tafiya da mutum kusan mita 31 a kowane minti. Nutson minti 40 a irin wannan ruwa zai kai mutum fiye da kilomita ɗaya daga inda ya shiga. Idan ya fito, abin da ke saman ruwa kansa ne kawai, sau da yawa sanye da baƙar hula, a tsakiyar raƙuman ruwa da suka fi shi tsawo. Matuƙin jirgi zai iya kallon wajen sau goma bai gan shi ba. Kowane minti da ya wuce kuma ruwan na ƙara nisanta shi.

Haɗari na biyu shi ne farfelar jirgi. Matuƙin ƙaramin jirgi mai gudu ba ya ganin abin da ke ƙasa da ruwa, shi kuma mai nutso yana jin ƙarar inji amma da wuya ya gane daga ina take zuwa, saboda saurin sauti a ruwa na rikita kunne. A watan Disamba na 2000, mawaƙiyar Ingila Kirsty MacColl ta rasu a Cozumel lokacin da wani jirgi mai gudu ya buge ta bayan ta fito daga nutso tare da 'ya'yanta, a yankin da aka keɓe wa masu nutso. Wannan na cikin abubuwan da ake tuna wa masu koyo da shi, cewa 'yan mitocin ƙarshe kafin a kai sama su ne suka fi haɗari.

Mene ne wannan balan-balan?

A shagunan kayan nutso za ka ga an rubuta SMB ko DSMB. Na farkon shi ne wanda ake hurawa tun a sama, mai nutso ya riƙa jan sa da zare duk tsawon nutsonsa. Na biyun, wanda shi ne batunmu, ana naɗe shi a sa a aljihu, sai an kusa gama nutso a hura masa iska a can ƙasa a sake shi ya harba sama. Doguwar jaka ce ta yadin nailan mai shafin roba, siririya kamar hannun riga, tsawonta daga mita ɗaya zuwa kusan mita biyu. Idan ta cika ta miƙe tsaye a kan ruwa, ana hango ta daga nesa fiye da kan mutum nesa ba kusa ba.

Iri uku ne. Akwai mai buɗaɗɗen gindi, wanda ake zuba masa iska ta ƙasa. Shi ya fi araha, amma da ya kai sama ya kwanta sai iskar ta zube ya nutse. Akwai mai gindin da ke rufe kansa, wato iska na shiga amma wani ninkin yadi da ke ciki na hana ta fita. Sai kuma rufaffe ruf, wanda ake hurawa ta wani ɗan bututu, da baki ko da tiyon iska. Na biyu da na uku dole suna da bawul mai fitar da rarar iska, domin in babu shi balan-balan ɗin zai fashe a hanya. Dalilin haka na nan tafe.

Shiri tun a tudu

Rabin aikin ana gama shi ne kafin a taɓa ruwa, kuma akasarinsa a kan zare yake. Na'urar naɗe zare iri biyu ce. Akwai ɗan kwarkwaro irin na keken ɗinki amma babba, da ke cika tafin hannu, mai rami a tsakiya da ƙananan huji a gefensa. Ba shi da wani ƙarfe mai motsi, don haka babu abin da zai cije. Akwai kuma mai hannun juyawa da makulli, wanda ya fi ɗaukar dogon zare kuma ya fi sauƙin naɗewa, amma zare na iya shiga lungunsa ya sarƙe. Masu nutson shaƙatawa da yawa sun fi son kwarkwaron, mai zaren mita 15 zuwa 30.

Abu na farko idan ka sayi sabo shi ne ka warware zaren gaba ɗaya ka duba ko an ɗaure ƙarshensa a jikin kwarkwaron. Wani lokaci ba a ɗaure yake ba, ko ɗaurin bai yi ƙarfi ba, kuma wanda bai duba ba zai ga balan-balan ɗinsa ya tafi da zaren duka ya bar masa fankon roba a hannu. Abu na biyu, masana'anta kan cika zaren fiye da kima har ya rufe hujin gefe. Sai ka rage shi har hujin ya fito sarai, domin a nan ake maƙala ƙugiya. Sannan ka jiƙa zaren ka sake naɗe shi da ɗan ƙarfi, layi a kan layi, saboda zaren da aka naɗe sakwa-sakwa yana nutsewa cikin kansa ya cije daidai lokacin da ake buƙatar ya warware.

Abu na uku shi ne madauki. A bakin zaren ana ƙulla madauki mai faɗin da kwarkwaron zai iya wucewa ta cikinsa. Idan za a haɗa shi da balan-balan, sai a zura madaukin ta zoben da ke gindinsa, a wuce da kwarkwaron ta cikin madaukin, a ja. Ya ɗauru ke nan ba tare da wani ƙarfe a tsakani ba. Ana fifita wannan a kan maƙala ƙugiya kai tsaye saboda ƙugiya na iya buɗe kanta idan zare ya murɗe a kan harshenta. Ita ƙugiyar, mai baki biyu ta ƙarfen da ba ya tsatsa, aikinta kulle zaren a hujin kwarkwaro don kada ya warware a aljihu.

Abu na huɗu shi ne tsawon zaren, kuma a nan mutane kan yi kuskuren lissafi. Zare ba ya hawa a miƙe sai in ruwa a tsaye yake cik. Idan akwai gudun ruwa, balan-balan na tafiya gefe yana hawa. Wanda ke zurfin mita 20, in zarensa ya karkata rabi da rabi tsakanin tsaye da kwance, yana buƙatar kusan mita 28 kafin balan-balan ya kai sama. Shi ya sa ake so zaren ya kai aƙalla ninki ɗaya da rabi na zurfin da za a sake shi. In zaren ya ƙare balan-balan bai kai sama ba, to mai riƙe da shi zai fara ja. Wasu kuma kan ƙulla ɗan ƙulli a daidai mita 5 daga bakin zaren, yadda ko kwamfutar nutso ta mutu, yatsa zai gaya musu sun iso wurin tsayawa.

A ƙarshe, a naɗe balan-balan ɗin a matse duk iskar da ke ciki, a ɗaure shi da robarsa, a sa shi tare da kwarkwaron a aljihun da hannu ke kaiwa ba tare da an duba ba. Wuƙa ko almakashin yanke zare ma dole ne, kuma a wurin da kowane hannu zai iya ciro shi.

Lissafin iska

Ga dokar da komai ya rataya a kanta. A saman teku nauyin iskar duniya ɗaya ne a kanmu. Kowane mita 10 na ruwan teku na ƙara irin wannan nauyi guda. A mita 10 matsin ya zama biyu, a mita 20 uku, a mita 30 huɗu. Tun a 1662 masanin nan Robert Boyle ya nuna cewa idan matsi ya ninka, girman iska na raguwa rabi, idan matsi ya ragu kuma iskar ta kumbura. Saboda haka iskar da aka zuba a balan-balan a mita 10 za ta ninka biyu kafin ta kai sama, ta mita 20 kuma ta ninka uku. Bawul ɗin nan da muka ambata shi ke fitar da abin da ya yi yawa.

Wannan na nufin ba sai an cika shi a ƙasa ba. A mita 20 kashi ɗaya cikin uku ya isa, a mita 10 rabi, a mita 5 kuwa sai an kai kashi biyu cikin uku. Sai ka haɗa da doka ta biyu: kowace lita ɗaya ta iska a cikin ruwa na ɗaga nauyin kusan kilo ɗaya. Masuntan Argungu da ke kwanciya a kan gora sun san wannan sarai. Ɗauki balan-balan mai cin lita 6. A mita 20 lita 2 kawai za ka zuba, wato zai ja ka da ƙarfin kilo 2 kafin ka sake shi. A mita 5 sai ka zuba lita 4, wato kilo 4, a daidai wurin da ɗan motsi kaɗan ke iya kai mutum sama. Don haka sakin sa daga ɗan zurfi ya fi sauƙin sarrafawa, muddin zaren ya isa.

Matakan sakin sa

Na farko, mai nutso ya daidaita kansa a ruwa, ba ya hawa ba ya sauka, ya kuma duba zurfinsa a kwamfuta. Sai ya yi wa abokin nutsonsa alama cewa zai saki balan-balan, domin abokin ya matsa gefe ya zuba masa ido, ya kuma zama ma'aunin da zai gane ko ya fara tashi bai sani ba.

Na biyu, ya ciro kayan ya warware balan-balan, ya haɗa zaren in ba a haɗe yake ba, ya cire ƙugiyar ya maƙala ta a zoben rigarsa. Ya naɗe duk wani rarar zare, kada ya bar ko taƙi ɗaya yana yawo a ruwa. Kwarkwaro da gindin balan-balan su kasance a hannu ɗaya, a miƙe gaba, nesa da fuska da tiyo da duk wani abin da ke rataye a jiki.

Na uku, ya ɗaga kai ya duba sama. Babu wani mai nutso a kansa? Babu gindin jirgi? Babu dutsen da ya yi rumfa?

Na huɗu shi ne hurawa. Mai rufaffen balan-balan zai ciro abin shaƙar iska daga bakinsa, ya riƙe shi a hannu, ya hura ta bututun, ya mayar da abin shaƙar. Wannan hanya na da wata fa'ida: iskar daga huhunsa ta fito ta koma balan-balan, don haka jimillar abin da ke ɗaga shi bai canza ba sai lokacin da ya sake shaƙa. Kada dai ya ƙarar da numfashinsa duka, ya bar abin da zai fitar da ruwan da ya shiga abin shaƙar. Mai buɗaɗɗen gindi kuwa zai tara bakin a kan kumfar da yake fitarwa, ko ya yi amfani da abin shaƙa na biyu ya danna maɓallinsa kaɗan-kaɗan. A ruwa mai tsananin sanyi, irin na tafkunan Turai, wannan dannawa na iya sa abin shaƙar ya daskare ya riƙa tsiyayar da iska ba tsayawa, shi ya sa masu nutso a can ke taka-tsantsan da ita.

Na biyar, da ya ji ja ya yi ƙarfi, ya saki balan-balan ya bar kwarkwaron yana juyawa tsakanin babban yatsa da manuni, a riƙe sako-sako. Ba a zura yatsa cikin ramin tsakiya, domin zai iya maƙalewa. Idan juyawar ta tsaya, balan-balan ya kai sama. Sai ya naɗe rarar zaren har ya ji ya miƙe, ya ɗan ja shi ƙasa. Wannan jan shi ke sa balan-balan ya tsaya a miƙe. In aka sassauta sai ya kwanta a kan ruwa, kuma wanda ya kwanta ba a hango shi daga nesa. Abin kamar guga ne da igiya a rijiya, amma a juye: kai ne a ƙasa, gugan na sama.

Daga nan sai hawa a hankali, ana naɗe zare ana tafiya, ba a wuce kusan mita 9 zuwa 10 a minti. A mita 5 a tsaya minti uku. A wannan lokaci zaren na taimaka wa mutum ya zauna a zurfi ɗaya, shi kuma jirgi ya samu minti uku ko fiye na ganin alamar da matsowa kusa kafin kowa ya fito.

Dokar da ba a karya ta

Ba a taɓa maƙala kwarkwaro a jiki lokacin sakin balan-balan. Ba a ɗaura shi a wuyan hannu, ba a maƙala shi a zoben riga. In zare ya sarƙe, a saki komai ya tafi. Kuɗin balan-balan da zare bai kai kuɗin kwana ɗaya a asibiti ba.

Ga abin da ke faruwa idan ba a saki ba. Balan-balan ya ja mutum sama mita ɗaya. Iskar da ke cikinsa ta kumbura, ta ƙara ja. Iskar da ke rigar mai nutson ma ta kumbura, ta ƙara ɗaga shi. Kowane mita na ƙara wa na gaba sauri. Mu masu rubuta manhaja mun san irin wannan: madaukin da ke ciyar da kansa, ba shi da sharaɗin tsayawa, sai ya cinye komai. A nan kuwa abin da zai cinye jikin mutum ne.

Illar iri biyu ce. Iskar da mai nutso ke shaƙa kusan kashi 78 cikin 100 naitirojin ce, kuma a ƙarƙashin matsi tana narkewa cikin jini da tsoka. Idan aka hau a hankali tana fita ta numfashi. Idan aka yi sauri sai ta yi kumfa a cikin jiki, kamar lemon kwalba da aka girgiza aka buɗe. Kumfar nan na kawo ciwon gaɓoɓi, tana iya taɓa laka ta shanye ƙafafu, kuma maganinta sai an sa mutum a wani ɗaki na musamman mai matsin iska. Tun a 1908 masanin Birtaniya John Scott Haldane ya fitar da jadawalin hawa daki-daki don kauce wa wannan ciwo. Illa ta biyu ta fi gaggawa: wanda ya firgita ya riƙe numfashi yana hawa, iskar huhunsa za ta kumbura ta yaga huhun, kuma wannan na iya faruwa ko a 'yan mitoci kaɗan. Don haka ko an fizge mutum sama, ya ci gaba da fitar da numfashi.

Saƙo mai bit ɗaya

A harshen kwamfuta, balan-balan saƙo ne mai bit ɗaya: akwai mutum a nan. Amma masu nutso sun ɗan faɗaɗa shi. A Birtaniya da wasu sassan Turai, musamman tsakanin masu nutso mai zurfi, ruwan lemo ko ja na nufin lafiya lau muna hawowa, rawaya kuma na nufin akwai matsala, a kawo ɗauki. Wasu kan maƙala ɗan allon rubutu a saman sa su rubuta abin da suke buƙata. Sai dai wannan yarjejeniya ba kowa ke bin ta ba. A wurare da yawa launi ba ya nufin komai. Kamar kowace yarjejeniyar sadarwa, tana aiki ne kawai idan mai aikawa da mai karɓa sun daidaita tun farko, don haka a tambayi matuƙin jirgi kafin a shiga ruwa. Yana da kyau kuma a rubuta suna da manyan baƙaƙe a saman balan-balan, yadda na cikin jirgi zai san wa ya fito wa ya rage.

To ina na'urorin zamani?

Suna nan, kuma suna ci gaba. Agogon Apple Watch Ultra da ya fito a 2022 na auna zurfi har mita 40, kuma da manhajar Oceanic+ yana zama kwamfutar nutso. Agogunan Garmin Descent na adana wurin da mutum ya shiga ruwa da wurin da ya fito ta GPS, amma tsakanin biyun ba su da labarin inda yake. Kamfanin ya koma ga sauti: fasaharsa ta SubWave na aika bayanin yawan iskar da ta rage a tukunya zuwa agogo, kuma a samfurin Mk3i na 2023 masu nutso na iya tura wa juna gajerun saƙonnin da aka riga aka tsara, a tazarar da ba ta wuce mita 30 ba. Akwai kuma ƙananan na'urori irin su Nautilus LifeLine, da ake rufewa a shiga da su ruwa, idan an fito a buɗe eriya su aika wurin da mutum yake zuwa rediyon jiragen da ke kusa.

Kowacce a cikinsu na da amfani, amma duba iyakarsu. Mai aiki da rediyo sai an kai sama take aiki, wato bayan an riga an wuce haɗarin farfela. Mai aiki da sauti na magana ne da wanda ke da irin na'urar kawai. Matuƙin wani jirgin da ke wucewa ba shi da manhajarka, ba ya kan tasharka, amma yana da ido. Balan-balan ne kaɗai ke magana da kowa a lokaci guda.

Shi ma yana da tasa iyakar. A watan Janairu na 1998, wasu ma'aurata 'yan Amurka, Tom da Eileen Lonergan, sun je nutso a babban tudun murjani na gaɓar jihar Queensland a Ostareliya. Jirgin da ya kai su ya koma gida ba tare da su ba saboda kuskuren ƙirga mutane, kuma sai bayan kwana biyu aka gane ba su dawo ba. Ba a same su ba har yau. Labarinsu ne ya zama tushen fim ɗin Open Water na 2003, kuma bayan abin ya faru hukumomin jihar sun tsaurara dokar ƙirga fasinjoji. Alama na amfani ne idan akwai mai kallo. Saboda haka masu nutso a wurare masu nisa ke haɗa matakai: balan-balan, usur, madubi, tocila, na'urar rediyo, da kuma jirgin da ke kiran sunan kowa kafin ya tayar da inji.

Kafin ka gwada

Karanta wannan bayani bai mayar da kowa mai nutso ba. Ƙungiyoyin horarwa irin su PADI da SSI da BSAC na koyar da sakin balan-balan a gaban malami, kuma ana fara gwaji ne a ruwa marar zurfi, a maimaita har hannu ya saba. Duk wanda Allah ya kai shi Sharm el-Sheikh ko Zanzibar ya yi sha'awar koyon nutso, ya nemi a nuna masa wannan tun a kwas ɗin farko, kada ya bar shi ga jagora kaɗai, domin ruwa na iya raba mutum da jagoransa.

Ga sauranmu da ke tudu kuwa, akwai tambayar da ta dace mu riƙa yi wa kowace na'ura da muka dogara da ita: ranar da caji ya ƙare ko sabis ya ɗauke, me ya rage a hannuna? Lambobin waya nawa ka haddace? Ina kwafin takardunka yake in wayar ta faɗa ruwa? Masu nutso na ɗaura agogon da ya fi wayoyinmu tsada a hannu, amma ba sa shiga teku sai da zare a aljihu, kuma sun duba ƙullinsa tun a gida.